Shekarar da Na Saro Mujiya

Ranar kasuwar Dungas da ta wuce wani saurayi ya tsaya gaban rumfata da salula a hannu, yana kallon jakunkunan lakwal, na 'yan makarantar boko, da na rataye a igiya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juya ya ce wa abokinsa, "Wai wannan ma sana'a ce. Ka je Kano ka ɗauko, ka zo ka rataye, yara su yi kuka, iyaye su biya." Suka kwashe da dariya suka wuce. Ni ma na yi murmushi, amma maganar ta bi ni a kan babur har Magarya. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku yadda abin yake, ku samarin da kuke ganin kukan yaro shi ne dukan aikin.

Sunana Lawali. Abin da nake sayarwa kayan desan anime ne, abin da mutanen ƙetaren iyaka suke ce wa katun: riguna, jakunkuna, takalman roba, agogon yara, balan-balan, da fuskar roba da ake ɗaurawa ranar Sallah, kowanne ɗauke da hoton wani gwani na fim ɗin zane. Gemuna ya yi fari a kan wannan igiya, kuma har yau in na buɗe sabon dila nakan ɗan tsaya. Ku duba dai. Wani mutum a wata ƙasa da ban san sunanta ba ya zauna ya zana ɗan kifi. Waɗansu suka sa masa motsi da murya. Waɗansu a wata ƙasar daban suka buga shi a jikin roba. Ya hau jirgin ruwa ya ƙetare teku, ya shiga babbar motar kamyo, ya kwana a Kano, ya ratsa 'yan duwan na bakin iyaka, ya hau bayan kabu-kabu ya sha yashin hanyar Sassumbrum. Sai ga yarinyar da ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin garinsu ba ta hango shi daga nesa, ta daka tsalle ta kira sunansa kamar ta ga ɗan wanta ya dawo daga ci-rani. Na ga wannan ba adadi, kuma bai taɓa zame mini abin da aka saba ba.

Ba da wannan na fara ba. Littattafan soyayya nake tallawa a tashar Magarya, a kan faranti, kuma gaskiya karantawa na fi yi a kan sayarwa. Mota za ta cika ta tashi ina can ƙarƙashin bishiyar bedi, ina jiran in ga ko ɗan attajiri zai gane cewa mai tallan furar nan ita ce ta cece shi daga hatsari. In na gama littafi sai in tara 'yan kamasho in ba su labarin, in ƙara gishiri inda marubuciyar ta rage. A nan Alhaji Mato mai gwanjon yara ya ji ni. Ya bari na kai ƙarshe, har ya share ido da hannun riga, sannan ya ce, "Kai yaro, littafi nawa ka sayar yau?" Na ce ko ɗaya. Ya ce, "To ai ka ba su kyauta, me za su saya? Gobe ka same ni a rumfa. Bakin nan naka bai san inda kasuwarsa take ba."

Aikin farko da ya sa ni shi ne tsuguno. Mun gama rataye kaya, na ja da baya ina jin daɗin yadda na jera su, manya a sama, launi na bin launi. Ya ce in fita tsakiyar hanya in tsuguna. Na tsuguna, mutane suna ratsa ni. Ya ce, "Me kake gani?" Na ce ƙafafun tebur da gindin buhu. Ya ce, "To abin da mai sayen kayanka yake gani ke nan. Ka jera wa raƙumi kaya." Muka sauke komai muka sake ɗaura igiya daidai ƙugun babba. Har yau ba na buɗe ciniki sai na tsuguna, ko da gwiwar tana ƙara.

Alhaji bai yi lakwal ba, bai kuma taɓa zama ya kalli fim ɗin zane har ƙarshe ba. Amma shi ya fara lura cewa a cikin dilar gwanjo, riga mai hoton abin da yara suka gani a tele takan tafi kafin a gama zazzage sauran, ko da ta fi su tsufa. Daga nan ya yi tunanin da ya ciyar da ni har yau: in yaro ba ya son hoton sai ya ga fim ɗin, to mu kai masa fim ɗin. Ya sayi ƙaramar tele da lektar mai juya kaset da batirin mota. Jajibirin kasuwa sai mu isa gari da wuri, mu ari zauren wani, mu toshe ƙofa da tabarma don duhu, bayan la'asar a tara yara, ba a karɓar ko dala. Fim ɗin Faransanci yake yi, wani lokaci ma wani yare da ko mushe, malamin lakwal, bai san shi ba. Sai in rage murya in tsaya gefen tele in ba da labarin da Hausa. Ni nake raɗa musu suna. Ni nake faɗin abin da zomo ya ce wa kura. Kuma tun da littattafan da na sha su ne a kaina, kowane fim a bakina sai ya zama na masoya biyu da aka raba. Akwai wani na motoci masu tsere da na mai da shi labarin direba da 'yar mai garaji, yara suka yi ta tafi, Alhaji yana bakin ƙofa yana cewa, "Lawali, mota ce fa, mota!" Washegari kuwa kafin azahar igiya ta koma wayam.

Sai ku ce ai shi ke nan. A'a. Sai ka san kaya. Hoton da aka buga a riga, ka jiƙa babban yatsa ka murza shi; in ya bar launi a fatarka, wanki ɗaya zai yi ya zama tabo, uwar yaron kuma ba za ta manta fuskarka ba. Jaka, ba hoton ake fara dubawa ba, zif ne da ɗinkin maratayi, domin allo da kwanon abinci da duwatsun wasa duk ciki za su shiga. Ja ba ya jure rana, don haka mai ja yana zama a inuwa sai an tambaya. Akwai kuma na jabu, wanda aka zana gwanin da ido ɗaya sama ɗaya ƙasa. Kai babba ba za ka gani ba. Yaro zai kalla sau ɗaya ya ce, "Ba shi ba ne," ya juya maka ƙeya, kuma ya fi ka gaskiya.

Sai ka san mutane. Abu ɗaya kake sayarwa amma mutum uku kake lallashi: yaro mai so, uwa mai dubawa, uba mai sa hannu a aljihu. Akwai malamin da ba ya son hoton mai rai a gidansa. Ba ka gardama da shi, kana ajiye masa mai jirgin sama da mai furanni. Matan rugga suna son ruwan ɗorawa mai haske, kuma ba sa saye sai sun zagaya kasuwa sun dawo. Akwai kuma ta huɗu, wadda Alhaji yake cewa in ta yi shiru ka gode Allah: kaka. Ba ta saye, ba ta biya, amma in ta ce a'a an gama.

Alhaji ya rasu ya bar mini tele da igiya da wuraren zamansa a kasuwanni. Na canja batir zuwa pano mai cajin rana, kaset ya koma faifai, faifai ya koma ɗan memwar da bai kai farce ba. Abubuwa suna tafiya, har shekarar da ƙaramar Sallah ta faɗo tsakiyar damina.

Na shiga Kano saro kayan Sallah. Dilan da nake saye wajensa, muna ce masa Oga, ya ja ni can cikin shago ya kunna mini wani sabon fim a salularsa. Ya ce, "Wannan shi duniya take yayi. Ƙasar Larabawa, ƙasar Turawa, ko'ina an rasa kayansa. Kwantena ɗaya ta iso, kai na fara nuna wa."

Ban taɓa ganin zane irin wannan ba. Wani birni ne da ƙanƙara take sauka a kansa kamar ana kaɗa auduga, fitilu suna rawa a cikin ruwan titi. A saman wata doguwar hasumiya akwai tsoho mai gyaran agogo da idonsa ya fara mutuwa, ƙananan kusoshi suna faɗuwa daga hannunsa ba ya ganinsu. Sai ga wata 'yar tsuntsuwa tana saukowa tana tsince masa su ɗaya-ɗaya tana ajiyewa a tafinsa. Idanunta dara-dara, ruwan zuma, gashin ido zara-zara, in ta ƙifta su sai ka ji kamar kai ta kalla. Ƙirjinta fari sol, tafiyarta da yanga. Duk yadda littattafai suke siffanta budurwar da ake mutuwa a kanta, haka aka zana ta. Kafin fim ya ƙare na riga na raɗa mata suna Lu'ulu'u. Da Oga ya ce, "Mujiya ce fa, ka gane?" sai na ce, "Wannan ai ta wuce mujiya."

Na sa duk abin da nake da shi a kanta, har da kuɗin san huɗata da na sayar kafin tafiya. Riguna, jakunkuna, fuskokin roba masu manyan idanu, da balan-balan masu ƙyalli kamar cikin gwangwani, kowanne da fuskarta cike da shi. In ta karɓu, zan buɗe butik, shago nawa na kaina, a Magarya in huta da yashi. In ba ta karɓu ba, babu abin da zan koma Kano da shi, rumfar Alhaji ta mutu a hannuna.

A zaure ta karɓu. A Sassumbrum na fara nunawa, cikin azumi, bayan la'asar. Yara suka yi tsit har ana jin kukan tantabaru a waje. Wajen da tsohon ya gama agogonsa ya ɗaga ta a tafin hannu, wata yarinya ta fashe da kuka, manyan suna yi mata tsiya alhali su ma suna jan hanci. Na fito ina cewa a raina gobe sai na nemi mai taya ni miƙo kaya. Abin da ban tsaya na tuna ba, iyaye mata ba sa shiga zauren kallo. Ba su ga ƙanƙara ba, ba su ga tsoho ba, ba su ji sunan Lu'ulu'u ba.

Da safe na hura balan-balan da famfon keke na ɗaure su a kara, na rataye riguna, na tsuguna na duba. Rana ta bugi ƙyallin, idanu suka cika layin. Yara suka yanyame ni. Na farkon da ya jawo babba shi ne wani ɗan yaro da ya riƙo zanen kakarsa, Inna Kande mai daddawa, wadda ta san ni tun ina bin Alhaji.

"Inna, ga ta! Ga Lu'ulu'u!"

Tsohuwar ta sunkuya ta kanne ido. Sai ta miƙe da sauri ta fizge yaron ta mai da shi bayanta, ta tofa a gefen hagu.

"A'uzubillahi. Lawali, mece ce wannan?"

"Inna, 'yar fim ce. Tsuntsuwar kirki ce, tana taimakon wani tsoho..."

"Ni za ka gaya wa tsuntsuwar kirki? Wadda in ta yi kuka a kan katanga ake kwana ana jefa mata garwashi? Wadda mai jego take kifa ƙwarya in ta ji ta? Ita ka ɗebo buhu-buhu za ka liƙa wa 'ya'yan mutane a ƙirji, ranar Sallah?"

"Inna, zane ne kawai."

"Zanen uwar wa? Kai ɗan nan, a Magarya aka yanke maka cibi kuwa, ko a cikin telen aka haife ka?"

Mata suka taru. Babu wadda ta ambaci sunan tsuntsuwar, sai "mai idon nan", sai "ta dare". Kowace ta kama hannun nata ta ja. Yara suna kuka, irin kukan nan da saurayin ya ce shi ne sana'a, amma ranar ko dala bai jawo ba. Isufu mai takalma, maƙwabcin rumfata, ya leƙo ya ce, "Lawali, in mayu sun zo sayen kayan Sallah in turo su wajenka, ko kai za ka kai musu gida?"

Haka aka yi a Dantchiao, haka a Dungas. Labari ya riga ni isa kowace kasuwa. Abin bai tsaya kan kayan mujiya ba: ragowar tsofaffin kayana ma, masu kifi da masu mota, aka ƙi taɓawa, wai igiya ɗaya suka kwana. Sallah ta zo ta wuce, yaran da suka saba yawo da kayana suka yi yawo da na wasu. A gida maiɗakina Rabi tana goyo a lokacin, ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ce, "Malam, ko buhunan nan ko mu." Na kai su rumfar awaki. A Dungas masu rumfunan kusa suka yi magana da sarkin kasuwa, aka matsar da ni can ƙarshe, kusa da 'yan hatsi, inda ba mai zuwa sayen kayan yara. Na fara tambayar direbobi yadda ake bin hanyar Agadas zuwa arewa, na kuma yi wa tele kuɗi a raina.

Duk da haka ban daina ratayewa ba, domin ba ni da wani abin ratayewa. Ran nan gero ya fitar da kai ya fara ɗaukar ido, ina zaune a ƙarshen kasuwar Dungas ina korar ƙuda, sai ga wani dogon Bafulatani da malafa da sanda a kafaɗa. Buba sunansa, yana noma yana kiwo a wata rugga wajen Dantchiao. Kakata ta wajen uwa Babarbariya ce, ya kuwa sani, don haka ba ma haɗuwa sai da tsiya.

"Bawana," ya ce, "an ce kana da tsofaffin kaset. Ba ni zarensu."

"Ka fara gaisuwa, ɗan rugga. Me za ka yi da zaren kaset, rawani?"

"Jan baki sun sauka a kurmin bayan gonata. Tun asuba muke ihu, mata da yara, muryar kowa ta dushe, gwangwani ya fashe don bugu. In ban ja zare mai ƙyalli a gonar ba, bana sai dai mu ci kara."

Wanda bai ga jan baki ba bai san tashin hankalin manomi ba. Tsuntsu ne da bai kai yatsa biyu ba, amma in garkensu ya taso sai ka ce hadari ne ya haɗo, kuma gonar da suka yini a ciki ba a kai lauje.

Na duƙa ina tono masa kaset a ƙasan akwati. Da na ɗago sai na ga ba ni yake kallo ba. Yana kallon ƙasa, wajen 'yan hatsi, inda tsaba take zubewa tsuntsaye suna tsattsaga. Ya nuna da sanda.

"Kai Babarbare, dubi nan. Ko'ina suna ci, ban da gabanka. Ga tsaba har gindin teburinka, ba wanda ya taɓa."

Na duba. Makonni ina zaune a wurin ban gani ba. Iska tana juya balan-balan, manyan idanun suna walƙiya suna waiwaye, kuma tsakanina da tsuntsayen akwai fili kamar an share.

Buba ya cire ɗaya daga kara, ya taka a hankali ya nufi 'yan hatsi yana riƙe da ita sama. Tsuntsayen suka tashi fir gaba ɗaya suka haye bedi. Ya dawo yana dariya har malafarsa tana faɗuwa.

"Mutanen gari ba ku da wayo. Abin da ake tsoro ai ba a ƙirjin yaro ake sa shi ba, a gona ake kafa shi. Kawo na fuskar nan ma. Kawo rigunan."

"Rigunan yara ne, Buba."

"Kara zan sa wa, ba ɗana ba. Kara ba shi da kaka."

Ya ɗaure kaya a bayan kabu-kabu ya tafi, a kan sai an yi girbi ya sallame ni da hatsi. Kasuwa ta gaba ban gama sauke buhu ba na ga maza tsaye suna jirana, Fulani da Hausawa, waɗansu ma mazan matan da suka tofa mini ne. Ba mai cewa mujiya, ba mai cewa Lu'ulu'u. "Malam Lawali, a ba ni mai gadin nan guda biyu." Isufu mai takalma ya zo da kansa yana sosa ƙeya, wai surukinsa ne ya aiko shi. Na ce, "Na mayu ne fa." Ya ce, "To surukin nawa me ka ɗauke shi?" Na koya musu su riƙa canja mata wuri kowace safiya don kada tsuntsu ya saba, su kuma rage iska da rana kada zafi ya fasa ta. Kafin gero ya bushe rumfar awaki ta koma ta awaki.

Sau ɗaya na je na gani da idona. Buba ya matsa sai na zo, na bi shi da sassafe, raɓa tana jiƙa mana ƙafar wando. Muka hau wani ɗan tudu. Gonaki ne shimfiɗe har inda ido ya tsaya, zangarniya ta sunkuya don nauyi, kuma a samansu, nan da can, ga ta. Ƙananan riguna a jikin kara sun buɗe hannu, fuskokin roba suna leƙe ta tsakanin ganye, balan-balan suna kama hasken rana suna jefa shi. Sai garken ya taso daga kurmi, baƙi ƙirin, da ƙara kamar ruwa yana zuwa. Ya miƙo kan gonar Buba, ya yi ƙasa, sannan ya tsage biyu kamar an sa wuƙa a zane, ya naɗe ya koma sama ya wuce. Ba zan ce ba su ci ko'ina ba, sun ci, kuma mata da yara ba su daina ihu da gwangwani ba. Amma a gonakin nan an kai lauje. Na tsaya ina kallon tsuntsuwar da aka zana wa birnin ƙanƙara tana gadin geron Dantchiao, sai na yi salati.

Da aka yi girbi damman gero suka riƙa iso mini a amalanke. Na sayar da wani na saro jakunkunan komawa lakwal, masu kifi da masu jirgi, na kuma nuna wa Rabi kowane hoto kafin in rataye, abin da nake yi har gobe. Matan suka dawo da kaɗan-kaɗan. Wadda tuwon gidanta ya fito daga gonar da aka yi gadi ba ta iya wuce rumfata ba gaisuwa. Sarkin kasuwa ya mai da ni tsohon wurin zaman Alhaji.

Da damina ta sake zagayowa manoma suka fara tambayar mai gadi tun kafin shuka. Zan tafi Kano ke nan Buba ya tare ni a tasha da ɗan ƙunshi a tsumma: gero ne tsabarsa zaɓaɓɓiya, da ɗan kwalbar man shanu.

"Wannan ba naka ba ne, bawana, kada ka ci. Ka kai wa wanda ya zana mai gadin nan. Ka ce Buba ya gode."

Na ce ban san shi ba. Ya ce, "Wanda ka saya wajensa ai ya san shi. Wa yake sayar da saniya bai san garken da ta fito ba?"

Na kai wa Oga saƙon, na kuma ce ya ba ni mujiya ko nawa yake da ita. Ya dube ni, ya dubi ƙunshin, ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce an daina yayinta tun bara, yanzu wani dodon ruwa ake yi, masana'antar ma ta canja zubi, ko ɗaya ba za a ƙara bugawa ba. Mai zanen kuwa, shi daga wani yake saye a Legas, wancan daga kwantena, kwantena daga teku. Ya ce wataƙila ma ba mutum ɗaya ba ne, ɗaruruwa ne a wani dogon bene, kuma babu wanda ya taɓa jin akwai wani wuri wai shi Dungas a cikinsu.

Na dawo da ƙunshin. Cin sa ba zai yiwu ba, mai da wa Buba kuma ba zai karɓa ba. Na je wajen limamin unguwarmu na ba shi labari tun daga farko. Ya ce a yi sadaka da shi da niyyar mai shi. Rabi ta surfa geron ta dama fura, ta narka man a kan ɗan dambu, ranar Juma'a aka fitar ƙofar gida yara suka taru da kofuna. Liman ya ɗaga hannu zai yi addu'a, sai ya waiwayo ya tambaye ni sunan mutumin.

Na ce, "Allah gafarta malam, ban sani ba. Ban ma san ko namiji ne ko mace ba."

Ya ce, "Ba komai, ku shafa. Wanda za mu roƙa ya san shi."